Wai da gaske an gano rayuwa a duniyar K2-18b?

Sagir Mai Waya: Salam jama'a, kun ga abin da ke yawo kuwa? Masana a jami'ar Kambirij ta Ingila sun ce madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya shinshino wata iska a duniyar K2-18b mai zagaye wani tauraro can nesa, iskar da a nan wajenmu abu mai rai ne yake fitar da ita. Magana ta ƙare kenan, ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa min dariya a gidan nan kan zancen nan ya fito ya ba ni haƙuri 😂

Ɗan Gwaggo: Mtsww su NASA kenan, hukumar sararin samaniyar Amurka, da an zo rabon kasafin kuɗi sai su gano wani abu. Duniyar da ko hotonta ba su da shi ita za su ji wa wari?

Sagir Mai Waya: Hoto kam na gani da idona, shuɗiya ce shar duk teku

Malam Habu: Sagir wannan zane ne, mai zane ya zauna a kwamfuta ya yi shi, nan kam Ɗan Gwaggo ya fi ka gaskiya. Amma shi ma ya kauce, ba NASA ce ta yi sanarwar ba, tawagar Farfesa Nikku Madhusudhan ce kuma tun Afrilun 2025 aka yi ta, kai ne dai labarin bai iso maka da wuri ba. Yadda abin yake, duniyar tana zagaye tauraronta cikin kwana 33, duk zagaye sai ta gifta ta gabansa ta ɓangaren da muke kallo, kamar ƙwaro ya gifta gaban fitilar mota daga nesa, to lokacin nan wani ɗan haske yana ratsa iskar da ta lulluɓe ta kafin ya taho mana, kuma kowace irin iska da launin da take shanyewa, in aka baje hasken kamar bakan gizo sai a ga inda aka gutsura. Gurbin nan ake karantawa, ba wanda ya ga teku balle kifi.

Zee: Malam nisanta fa?

Malam Habu: Tafiyar haske ta shekara 124. Hasken da Webb ya kama ya baro can tun wajen 1900, lokacin ko Kano Turawa ba su ci ba. Ta ninka duniyarmu kusan sau 2.6 a faɗi, a nauyi kuma sau 8.6, madubin Kepler ne ya gano ta a 2015

Anti Rabi: Bari in sa baki tunda an zo fannina. Iskar sunanta daimetil salfaid, DMS a taƙaice, kuma kowa a nan ya san warinta ko bai san sunan ba, in kabeji ya dahu ya wuce misali wannan ɗan warin da yake cika kicin har da ita a ciki. A teku ƙananan halittun nan da ido ba ya gani su suke fitar da mafi yawanta. Zuwa nan Sagir bai yi ƙarya ba. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ɗauka cewa sai mai rai kaɗai. A 2024 masu bincike a Bern ta Suwizalan sun koma kan bayanan kumbon Rosetta sun samu DMS ɗin nan a jikin tauraro mai wutsiya 67P, dunƙulen ƙanƙara da ƙura, wane rai ne a can? A shekarar dai wasu a Kolorado ta Amurka suka haɗa ta a ɗakin gwaji da iska da haske kawai.

Sagir Mai Waya: Anti da girmanki amma ki duba yawa. Na tauraro mai wutsiya ɗan burbushi ne, nan ko tawagar ta ce ta ninka ta duniyarmu sau dubbai, kuma iska ce da ba ta daɗewa haske yana wargaza ta, to in har tana nan da yawa haka dole akwai abin da yake ta zuba sabuwa kullum. Ruwa ba ya tsami banza Anti

Anti Rabi: Wannan hujjar taka mai kyau ce ƙanena, ita ce ma hujjar su Madhusudhan ɗin. Sai dai ka ce IN HAR tana nan. Kan wannan in har ɗin ake rigimar.

Zee: Ni abin da ya ɗaure min kai, na karanta an ce tabbacin kashi 99.7 ne cikin ɗari. Wlh ko jarabawa na ci 99.7 ai sai an yi walima, me ya sa su bai ishe su ba?

Malam Habu: Hhh Zee tambayarki ita ce maganar gaba ɗaya. Abin da suke kira sigima 3 kenan, ma'anarsa in da babu komai a wurin sai hayaniyar na'ura, damar a ga alama mai ƙarfi haka kusan 3 ce cikin 1000. Lura fa, ba a ce damar akwai rai 99.7 ba ce, nan 'yan jarida da yawa suka zame. Kuma masana kimiyyar fiziks ba sa cewa sun gano abu sai ya kai sigima 5, wato ɗaya cikin sama da miliyan, da shi aka sanar da gano Higgs, wata ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta, a 2012. Sannan lissafin ya danganta da wa ka gwada. A ce an sace akuya an ga sawun takalmi a bakin turke, ka kirawo mutum uku kacal ka gwada, na ɗaya ya ɗan yi daidai sai ka ce ga ɓarawo, alhali rabin kasuwa lambar da suke sawa kenan. Da wasu masanan suka faɗaɗa jerin sinadaran da ake gwadawa sai ga wasu su ma sawun ya hau ƙafarsu, ita kanta tawagar Kambirij daga baya ta gwada ɗaruruwa ta samu ba DMS kaɗai ke dacewa ba. Jake Taylor na Oksifod ma da ya duba bayanan cewa ya yi miƙaƙƙen layi mara tudu ko kwari ya isa ya bayyana su, wato mai yiwuwa sawun ma babu.

Ɗan Gwaggo: To ba ga shi ba, abin da na faɗa tun farko, ƙarya ce

Malam Habu: A'a kar ka jingina da ni. Maƙaryaci ɓoye kayansa yake, su ko bayanan a fili suke, shi ya sa cikin 'yan kwanaki wasu suka zazzage suka yi musu ca. Kuma iskar miten da ta kabon dayoksaid da suka sanar sun gani a can a 2023, miten ɗin kam ba mai musu a kai. Zumuɗi zan ce sun yi wajen tallata abin

Anti Rabi: Kuma duniyar nan ta taɓa yi mana haka fa. A 2019 aka ce madubin Hubble ya ga tururin ruwa a iskarta, jaridu suka ɗauka, da Webb ya zo sai aka ga ashe miten ne ya yi shigar ruwa. Ga Zara matar wata a 2020, tawagar Jane Greaves ta ce ta ga iskar fosfin a gajimarenta alamar rai, har yau ana ja. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa

Malam Habu: Ko sigima 6 ma ta taɓa faɗuwa. 2011 gwajin OPERA a Italiya suka ce wasu ƙananan ƙwayoyi, niyutirino, da aka harbo daga cibiyar bincike ta CERN sun riga haske isowa, duniya ta ruɗe, ƙarshenta wata wayar haske ce ba ta zauna daidai a soket ba 😅

Ustaz Nura: Ni dai abin da zan ce Sagir, na ga a status ɗinka ka haɗa labarin da aya ta 29 ta Suratush Shura. Ka cire. Malamai sun yi magana kan ayar tun kafin a ƙera madubi, ba ta jiran Kambirij. In ka ɗaure ta a jikin binciken da gobe za a iya warwarewa, yaron da ya karanta wajenka me zai ɗauka ran da aka warware?

Sagir Mai Waya: Na ji Ustaz, na cire. Amma ni fa har yanzu ina kan bakana, duniya ce da take daidai inda ruwa zai iya zama ruwa, ga miten ga teku, haba jama'a

Malam Habu: Tekun ma ba a gama yarda ba Sagir. Su Madhusudhan suna ganin teku ne ƙarƙashin iskar haidurojin, har suna suka ƙirƙira wa irin duniyoyin a 2021. Wasu sun ce narkakken dutse ne a ƙasan, wasu sun ce ƙaramar Neftun ce iska kan iska babu inda za ka taka. Cikin duniyoyi takwas da ke zagaye ranarmu babu mai irin girman nan, to ba mu da ta kusa da za mu gwada da ita

Ɗan Gwaggo: To su tura kumbo ya je ya ɗebo ruwan mana a huta

Zee: Yaya Ɗan Gwaggo na lissafa maka yanzu, kumbon Voyager 1 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, da wannan gudun sai ya haura shekara miliyan 2 a hanya 😭

Ɗan Gwaggo: Kun ga cinikin biri a sama kenan. Abin da ba mai zuwa ya duba ai kowa ma sai ya faɗi son ransa

Anti Rabi: Ana dubawa mana, duk kwana 33 tana sake giftawa, a sake nuna mata madubi a tara bayanai. Ko dai alamar ta ƙara fitowa ko ta narke

Sagir Mai Waya: Shi kenan mu ƙulla. Ran da ta kai sigima 5 Ɗan Gwaggo zai sai wa duk gidan nan tsire

Anti Rabi: Sigima 5 ɗin DMS ko ta rai? Don ba ɗaya ba ne fa, na gaya maka tun ɗazu

Sagir Mai Waya: Anti don Allah ki bari in ci tsiren nan

Ɗan Gwaggo: Na yarda amma a sa wa'adi, kuma in ta narke kai za ka saya har da lemo. Sannan haƙurin da ka nema da farko, wa zai ba wa yanzu?