Zango ɗaya a Jami'ar Kolon: ina ɗalibin musaya zai iya zuwa Asabar da Lahadi ba tare da aljihu ya huje ba?

Baƙuwar_Kolon:

Assalamu alaikum yayyena. An ɗauke ni a shirin musayar ɗalibai, zan yi zangon hunturu a Jami'ar Kolon ta Jamus, daga Oktoba zuwa Maris. Bizata ta karatu ce, mai harafin D. A cikin kuɗin rajistar zango na ga har da kuɗin tikitin sufuri. Don Allah tikitin nan iyakarsa cikin gari ne, ko zai kai ni wasu garuruwa? Waɗanne garuruwa ne ake zuwa a dawo a yini ɗaya? Kuma da wannan bizar zan iya leƙa Beljiyam ko Holan?

Malam_Na_Ehrenfeld:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a je a sa'a. Tikitin da kika biya ya fi ƙarfin cikin gari. Shi ne Deutschlandticket na ɗalibai, kuma yana aiki a duk faɗin Jamus. An fara na kowa da kowa a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a 2025, sannan 63 daga Janairun 2026. Ɗalibi kashi 60 cikin 100 yake biya, a dunƙule, cikin kuɗin zango.

Inda baƙi ke faɗawa rami shi ne nau'in jirgi. Tikitinki yana aiki a bas, taragu (ƙaramin jirgin da ke bin titi cikin gari), jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jiragen ƙasa na yanki masu harafin RE, RB ko S. Ba ya aiki a jiragen ƙasa masu tafiya mai nisa, wato ICE, IC da EC. Matsalar ita ce duka biyun a dandamali ɗaya suke tsayawa, wani lokaci tazarar minti biyar ce tsakaninsu, kuma garin da suka nufa ɗaya ne. Saboda haka ki daina duba sunan gari kawai, ki duba harafin da ke kan allo. Idan mai duba tikiti ya same ki a ICE, farin jirgin nan mai jan layi, tarar tana farawa daga Yuro 60, kuma "ban sani ba" ba ta ceton kowa. Ki sauke manhajar DB Navigator ta kamfanin jirgin ƙasa na Jamus (DB), ki kunna zaɓin da ke nuna jiragen yanki kaɗai, shi ke nan ba za ta ƙara nuna miki ICE ba. A wajen nema ki rubuta Köln Hbf, wato babbar tashar Kolon. Akwai tasha ta biyu a ƙetaren kogi, Messe/Deutz, ki tabbatar daga wacce jirginki zai tashi.

Abu biyu kuma. Tikitin a waya yake, da sunanki, sai an haɗa shi da shaida mai hoto. Waya ta mutu, tikiti ya mutu, don haka batirin ajiya ya zama abokin tafiya. Sannan taragon da ke da lamba 1 da rawayan layi a samansa ba naki ba ne, ko da sauran sun cika maƙil.

Garuruwa kuwa, ki fara da Bon. Kimanin rabin awa ne a RE5 ko RB26. Ita ce ta riƙe babban birnin Jamus ta Yamma daga 1949 zuwa 1990, kuma gidan tarihi na Haus der Geschichte kyauta ake shiga, ki ware masa awa uku. A nan ne kuma hedikwatar DW take, inda Sashen Hausa yake. Daga Bon taragu mai lamba 66 zai kai ki Königswinter, a hau dutsen Drachenfels a ƙafa. Ƙaramin jirgin da ke hawa dutsen kuɗinsa daban.

Aachen kusan awa ɗaya ce a RE1 ko RE9. Majami'arta, inda aka binne Sarki Shalaman a 814, tana cikin rukunin farko na wuraren da UNESCO ta sa a jerinta a 1978. Garin a tattare yake, ƙafa ta ishe ki. Dusildof rabin awa ce, amma a ganina gari ne na kanti da kallon kaya, ba zan ba ta Asabar ɗin farko ba. Wuppertal ta fi ta abin mamaki: jirgin da ke rataye a saman kogi tun 1901, kuma tikitinki ya wadatar.

Wadda ta fi duka ita ce hanyar kudu. RE5 zuwa Koblenz, awa ɗaya da 'yan mintoci, ki ga inda kogin Mosel ya haɗu da Rayin. Daga nan ki shiga RB26 zuwa St. Goar ko Bacharach, ki zauna ɓangaren hagu in kina tafiya kudu, don kogin a nan yake. Ki yi wannan a Oktoba, tun ganye bai gama zuba ba.

Hajiya_Takardu:

Malam ya gama da jirgi, bari in ɗauki maganar ƙetare iyaka, don ita ce mai hatsari.

Biza mai harafin D tana ba ki damar ziyartar sauran ƙasashen Shengen (ƙasashen Turai da suka haɗu a tsarin biza ɗaya) har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, matuƙar ba ta ƙare ba. Beljiyam, Holan, Faransa duk suna ciki. Ingila da Ayilan ba sa ciki, bizarsu daban. Ki buɗe fasfonki yanzu ki duba ranar ƙarewar bizar. Wasu ana ba su wadda ta rufe zangon duka, wasu kuma ta 'yan watanni, sai sun nemi izinin zama a ofishin baƙi bayan sun iso.

In kina cikin kashi na biyu, ga inda ake samun matsala. Biza ta ƙare, katin zama bai fito ba, sai a ba ki takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. A jikinta akwai akwatuna da ake yi wa alama. In an yi alama a § 81 Abs. 4, za ki iya fita ki dawo. In a Abs. 3 ne, zamanki a Jamus halal ne amma in kika fita ba ki da ikon shigowa da ita. In dai kawai alƙawarin ganin jami'i ne a hannunki, ba takarda, to ki zauna cikin Jamus.

Kada kuma wani ya ce miki ai babu iyaka a Turai. Tun 16 ga Satumban 2024 Jamus ta maido da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda na shiga jirgi da bas. Fasfo na ainihi ake nema. Hotonsa a waya ko katin makaranta ba sa tsaya masa.

Kafin duk wannan yawon, ki yi rajistar adireshi cikin mako biyu da shiga ɗaki, da takardar shaidar da mai gida zai ba ki. Ba tare da ita ba asusun banki da izinin zama duk tsayawa suke.

Baƙuwar_Kolon:

Na gode Hajiya, Allah ya saka. Na duba, tawa ta kai har ƙarshen Maris. To tikitin nan zai kai ni Brasels ɗin?

Malam_Na_Ehrenfeld:

Ba zai kai ki ba. A iyaka yake tsayawa, in ban da 'yan tashoshi kaɗan kamar Venlo a Holan. Brasels sai ICE ko Eurostar, ƙasa da awa biyu, kuma farashin yana tashi ne gwargwadon kusantowar ranar. Ki saya makonni kafin lokaci. Bas ɗin FlixBus ya fi araha, sai dai ba a tsakiyar gari yake lodi ba, a filin jirgin sama na Kolon da Bon ne, ki ƙara minti talatin a lissafinki.

Ɗan_Keupstrasse:

Yaya, abin da ba a faɗa miki ba shi ne hunturu da Lahadi.

A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ta faɗi kafin huɗu da rabi. Wanda ya bar gida ƙarfe goma sha ɗaya don zuwa Koblenz duhu ya je kallo. A fita da bakwai da rabi. Azahar, la'asar da magariba kuma duk suna faɗowa cikin awa huɗu, daga sha biyu da rabi zuwa huɗu da rabi, don haka ki fita da alwala, ki san masallacin garin tun daga gida. Aachen akwai masallacin Bilal. Bon kilomita 30 ce kawai, kada a yi tunanin ƙasaru. Ban ɗakin tasha na kuɗi ne, ki riƙe tsaba.

Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai na cikin manyan tashoshi, su kuma da tsada. Cefane ranar Asabar. Gidajen tarihi akasin haka ne: a buɗe Lahadi, yawancinsu a rufe Litinin. To tsarin ya fito da kansa, Asabar garin kasuwa, Lahadi gidan tarihi ko hawan dutse. Abinci kuma, shagon Turkawa kusa da tasha ba ya wuyar samu, amma a tambaya kafin a ci, ba kowanne ne na halal ba.

Ranar 11 ga Nuwamba da makon bikin titi na Karneval a Fabrairu ko Maris, tsakiyar Kolon cike take da 'yan biki da mashaya, unguwar ɗalibai ta fi ko'ina. In ba kya son hayaniya, ki tashi da sassafe ki bar garin, amma ba zuwa Dusildof ko Bon ba, su ma bikin suke.

Kuma a tuna da abin da ya kawo ki. Ana gama darussa a farkon Fabrairu, jarrabawa ta biyo baya, kuma rajistar jarrabawa daban take da rajistar darasi, da wa'adinta. Yawo na Oktoba da Nuwamba ne. Janairu na laburare.

Hajiya_Takardu:

Ƙari kan maganar Malam ta saye da wuri: tikiti mai rahusa na DB a ɗaure yake da jirgi ɗaya. In kika ce za ki tafi Aachen da tikitin ɗalibi don rage kuɗi, sannan ki kama ICE daga can, kuma RE ɗin ya makara, asararki ce, domin tikiti biyu ne daban. In tafiyar duka a tikiti ɗaya take, makara ta kai minti 20 sai a sake ki ki hau na gaba, ta kai awa ɗaya a biya ki kashi 25 na kuɗin. Duk mai haɗa tikiti biyu ya bar tazarar jirgi guda a tsakani. Da daddare kuma kada ki dogara da jirgin ƙarshe, na kafin shi za ki nufa, musamman in kin ga SEV a manhaja, don hakan na nufin ana gyaran layi, bas ne zai ƙarasa da ku.