Ƙashin wuyan ƙanena ya goce: tiyata ko ɗori?

Rabi'atu, Jos: Assalamu alaikum. Jiya da dare ƙanena ya yi hatsarin mota a Hawan Kibo, kuma hoton CT (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka) ya nuna ƙashin wuyansa na 5 ya goce daga kan na 6, yana danne laka, wato igiyar jijiyoyin da ke bi ta cikin ƙashin baya. Yana lanƙwasa gwiwar hannu, amma yatsunsa ba sa riƙe ko da kofin ruwa, ƙafafunsa kuma ba sa motsi, sai dai yana jin taɓi a tafin ƙafa. Likitoci sun ce a yi tiyata yau, Kawu kuwa ya dage a kai shi wurin mai ɗori. Don Allah ku ba ni shawara.

Dakta Bashir, Abuja: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Ku roƙi Kawu ya yi haƙuri, domin jan wuya ko murza shi da hannu yana iya ƙarasa lalata lakar da ta saura, kuma jijiyoyin da ke tafiyar da numfashi daga ƙashi na 3 zuwa na 5 suke fitowa. Jin taɓin nan alama ce cewa lakar ba ta mutu gaba ɗaya ba, kuma bincike ya nuna an fi samun sauƙi idan aka ɗage mata nauyin cikin awa 24. Galibi ana shiga ta gaban wuya, a cire faifan da ke tsakanin ƙasusuwan, a mayar da su mazauninsu, a cike gurbin da ɗan ƙashi daga ƙugu, sannan a ɗaure da farantin ƙarfe da sukurori. Wani lokaci sai an ƙara ta baya. Tiyatar ba ta ɗinke laka, tana hana ƙarin ɓarna ne, ta ba shi damar tashi zaune da wuri.

Maman Sadiq, Jos: Mijina ya sha wannan aiki. Muryarsa ta dushe, haɗiya ta yi masa wuya na 'yan makonni, har kunu da cokali nake ba shi. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne gyambon kwanciya, saboda haka ku riƙa juya shi duk bayan awa 2, mutum uku a tare, ɗaya yana riƙe da kai.

Rabi'atu, Jos: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Kawu, ya amince, Yaya ya sa hannu a takardar amincewa da tiyatar yanzu. Ku sa shi a addu'a.