Ɗana ya tsinto dutse mai siffar katantanwa, ta ina za mu fara?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9 ya tsinto wani dutse a bakin rafi, an naɗe shi kamar katantanwa, har da layi-layi. Tun ranar ya hana mu sakat, wai sai mun fita neman burbushin halittun zamanin da. Ni ko guduma ban iya riƙewa ba. Me za mu tanada?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da alama amonayit ne, dabbar teku da ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ki bar guduma tukuna. Tsohon buroshin haƙori, gilashin ƙara girma da ɗan littafi sun isa. Ku nemi dutse mai hawa-hawa, wanda laka ko yashi suka daskare suka zama shi. Dutsen da aman wuta ya haifar, kada ku ɓata lokaci a kansa.

Baban Yara: Kada ki wanke da ruwan tsami! Na taɓa yi, ina kallo yana kumfa, layukan suka narke. 'Yata kwana biyu ba ta yi min magana ba.

Tsohon Malami: Af, na manta. Yaron ya riƙa rubuta wuri da ranar kowace tsintuwa. Kuma kada ya tsaya ƙarƙashin gaɓa bayan ruwan sama, takan zabtaro.