Yaya zan ajiye soyayyar gahawa kada ƙamshinta ya gudu?

Mai tambaya, daga Gwammaja: Assalamu alaikum. An kawo mini tsarabar soyayyar ƙwayar gahawa ta Habasha, kilo 1, ga zafin Afrilu ya kankama. Mu biyu ne masu sha, kofi ɗai-ɗai kullum. In kai a niƙe mini duka ne, ko in saka a firij?

Wani malami, daga Fagge: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki niƙe duka. Da an farfasa ƙwayar iska ta sami hanya, garin ya salance cikin kwana biyu ko uku, alhali ƙwayar takan kai mako 3 zuwa 4 da ƙamshinta. Ki riƙa niƙa na shan lokacin kawai, giram 15 kowane kofi. A lissafinku kilo ɗaya zai ɗan haura wata, don haka ki kasa shi kashi huɗu, giram 250 kowanne, a kwalba mai murfi da robar matsewa. Kwalbar ta cika har wuya, domin wurin da ya rage iska ce, ita ke cinye ƙamshin. Sai a zura su ƙasan kabad, nesa da murhu da taga.

Wata 'yar'uwa, daga Tarauni: Firij kam a'a, yaya. Gahawa akwai zuƙar wari, nan da nan za ta kwashi na daddawa da albasa. Kuma duk fitar da za ki yi da kwalbar, raɓa ce za ta kwanta a kan ƙwayar. Firiza ta fi, amma sai in kuna da sola. Inda ake ɗauke wuta, ta daskare ta narke, gara kabad sau goma. In kin ciro daga firiza, bar ta a rufe har sanyin ya sake ta kafin ki buɗe, kuma ba a mayarwa.

Wani dattijo, daga Ƙofar Mata: 'Yata, duba ledar. In tana da ɗan maɓalli mai huji a gaba, bar gahawar a ciki: yana fitar da iskar da sabuwar suya ke saki, ba ya barin ta waje ta shiga. Matse ledar, naɗe bakin, ɗaure da kyauro. In ƙwayar baƙa ce wuluk tana ƙyallin mai, ku hanzarta shanye ta, man nan ne ke saurin yin ɗoyi a zafi. Gwaji kuwa, zuba ruwan zafi kaɗan a kan garin. In ya taso da kumfa, da sauranta.