Azumin Kirista kafin Ista: arba'in ne ko hamsin da biyar?

Malam Isa: Jama'a, kullum ana cewa azumin Kirista kwana 40 ne. Amma Kibɗawa, wato Kiristocin cocin Masar, na unguwar Masalma a Omdurman ta Sudan 55 suke yi. A ganina arba'in ɗin nan suna ne kawai.

Yakubu: Malam, lissafi ne, ba suna ba. Katolika na farawa ranar Larabar Toka. Daga nan zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne. Cire Lahadi shida, tunda ba a azumi ranar tashin Almasihu, saura 40 cif.

Rifkatu: Na Kibɗawa ma yana komawa can. Ranar Litinin suke ɗauka, mako takwas ba kwana ɗaya. Asabar da Lahadi ba a kame baki, sai dai Asabar ta ƙarshe. Kwana biyar sau mako takwas nawa ke nan, Malam?

Malam Isa: Arba'in. To ashe ranar Asabar Bakibɗe zai iya cin nama?

Rifkatu: Ko kusa. Kame baki daban, ƙaurace wa abinci daban. Nama, kifi, ƙwai, madara, cuku, man shanu, duk an rufe su kwana 55 ɗin nan, har Asabar da Lahadi. Daga Litinin zuwa Juma'a kuma ba ci ba sha tun tsakar dare, wasu zuwa ƙarfe uku na rana, masu ƙarfi zuwa faɗuwar rana. Shi ya sa nake cewa 55 ɗin ma gaskiya ne, tukunya ce shaida.

Baba Bulus: 'Yata ta faɗi daidai, kuma a tukunyar ake yin ɓarna. Ful, wato dafaffen wake, da man riɗi ya halatta, amma mai shago ya saba barbaɗa jibna, wato cuku, in ba ka hana shi da wuri ba kwanon ya tashi aiki. Miyar weka, wato busasshiyar kuɓewa, da sharmut ake kaɗa ta, shi kuwa busasshen nama ne da aka daka, ido ba ya ganinsa. Dunƙulen ɗanɗano mai kaza haka. Wanda zai ciyar da maƙwabci Bakibɗe ya tsaya kan adas (wani ƙaramin wake), ta'amiyya (irin ƙosai) da salatin tumatir da tunkuza.

Yakubu: Mu Katolika namu da sauƙi tun gyaran Fafaroma Paul na shida a 1966. Azumin dole kwana biyu ne, Larabar Toka da Juma'ar gicciye: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan taɓawa sau biyu, daga shekara 18 zuwa 59. Kowace Juma'a ba nama daga shekara 14, kifi kuwa ya halatta. Ruwa ba ya karyawa.

Malam Isa: Kwana biyu! Ka ga maganata ta fito.

Yakubu: Ba ta fito ba, Malam. Sauran kwanakin na addu'a ne da sadaka da furta zunubi, kowa kuma ya bar abin da ransa ya fi so.

Baba Bulus: Ku ƙara da kalanda. A 2024 Katolika sun yi Ista 31 ga Maris, Kibɗawa sai 5 ga Mayu, domin su da tsohuwar kalandar Yuliyas suke lissafi. Makonsu na ƙarshe ya faɗa zafin da ke haura digiri 40 a Khartum. Mai ciwon suga, mai juna biyu da mai aikin rana su je wurin Abuna, limamin cocinsu, ya rage musu sa'o'i tun kafin a ɗauka, kada a jira jiri ya kayar da mutum.