Tsohuwar kwamfutar Baba za ta ɗauki intanet ɗin rauta kuwa?

Abu Safiyya, Zariya

Assalamu alaikum. Mahaifinmu sun yi ritaya daga koyarwa, kuma suna da kwamfutar tebur tun ta lokacin aiki. Windows XP ce a kai, ram ɗinta (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) giga 1. A kanta suke buga tarihin zuri'armu da wasiƙun masallacin unguwa. Muna shirin saka musu rauta ta 4G a gida don su riƙa karanta BBC Hausa da jaridu, su kuma ga jikoki ta bidiyo, amma sun ce kada wanda ya canza musu kwamfuta. Duk wanda ya taɓa gwada wannan a gidansu, don Allah ya gaya mana yadda ta kaya kafin mu kashe kuɗi.

Mai Gyara, Kano

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Haɗuwa dai za ta haɗu. Duba bayanta, za ka ga wata kafa mai kama da ta wayar tarho amma ta fi faɗi, ka ja kebul daga rauta ka cusa a nan. Na zamanin XP yawanci suna ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa, abin da 4G ɗinmu ba kasafai take kaiwa ba. Inda ake tsayawa shi ne burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, Chrome ta tsaya a lamba 49 a 2016, Firefox ta bi baya a 2018. Internet Explorer 8 kuwa ba ta san irin makullin tsaron da shafuka ke amfani da shi yanzu ba. Haka na yi da ta kawuna: alama ta nuna akwai intanet, Google ya buɗe, amma Gmail da WhatsApp na kwamfuta suka ƙi, YouTube kuma sai tsalle yake yi. Kawu ya ɗauka layin ne, har yana cewa a canza sim.

Maman Ihsan, Kaduna

Kafin ku yanke mata hukunci ku duba kwanan wata. Ta mahaifin mijina Windows 7 ce, duk shafin da aka buɗe sai ya ce haɗin ba shi da tsaro. Ashe ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin akwatin, CR2032, shi ya mutu, kullum aka ɗauke wuta sai agogonta ya koma shekarun baya. Aka sa sabo, aka gyara kwanan wata, shafuka suka buɗe.

Abu Safiyya, Zariya

Na gode, Hajiya. Tasu ma agogon ba ya zama daidai, zan duba. Malam Mai Gyara, in aka ƙara ram fa?

Mai Gyara, Kano

Zai rage nawa, amma ba zai sabunta burauza ba. Kuma XP ta yau da kullum mai bit 32 ce, ko ka cika mata giga 4, uku da 'yan kai take gani. Wadda nake cewa a kashe wa kuɗi ita ce mai inji (processor) Core 2 Duo zuwa sama: a sa mata SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri), a kai ram giga 4, a ɗora Linux Mint a madadin Windows. Wannan tana buɗe komai. In Pentium 4 ce, gaskiya ban ba ka shawarar ka bi ta da kuɗi ba.

Ɗan Katsinawa, Maraɗi

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Tamu ta cinya ce, ta tsohona, mai allon rubutu na Faransanci wanda ke farawa da AZERTY, shi ya sa ya ƙi kowace iri. Da muka kawo rauta, wayoyin gida duk suka ga Wi-Fi, ita kaɗai ba ta gani ba. Wani yaro ya shiga saitin rautar ya tarar an bar ta a kan mitar 5GHz, tsofaffin kuwa 2.4GHz kaɗai suka sani. Yana kunna wancan ta gani. Ku da taku ta tebur ce, kebul ya fi muku kwanciyar hankali.

Yaya Babba, Gombe

Ni ban goyi bayan a jona XP da intanet ba sam, ƙanena. Shekara fiye da goma ke nan da aka daina aiko mata gyaran tsaro na yau da kullum, ga dattijo ba ya zargin kowa. Gwaggona wani shafi ya cika mata allo da jan rubutu cewa kwamfutarta ta kamu, ta kira lamba kaza. Allah ya sa jikanta na kusa ya hana ta. Tun ranar na saya mata tablet, na ƙara girman rubutu, da shi take kiran 'ya'yanta na Saudiyya tana sauraron tafsiri. Ko Windows 7 ma an sallame ta tun Janairun 2020, ballantana XP.

Maman Ihsan, Kaduna

Yaya, ba kowane tsoho ne tablet ke yi wa ba. Namu Baban yatsunsu na rawa, su taɓa wuri ɗaya wani ya buɗe, har suka zuciya suka ajiye. Mutumin da ya shekara talatin yana buga keken rubutu, madannai hannunsa ya sani. Abin da muka yi daga baya, mun sayo akwatin kwamfuta wanda aka taɓa amfani da shi mai ɗan dama, muka bar musu allonsu da madannansu da linzaminsu a kan teburin nan dai. Muka jera musu alamomi huɗu manya a fuskar allo. Ba su yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Sai dai data: YouTube in ya gama wani karatu sai ya ɗora wani, su kuma sun tafi masallaci. Ku kashe wannan, ku sauke ingancin hoton zuwa 360p.

Yaya Babba, Gombe

Wannan dabarar ta yi, Hajiya, na karɓa. Ka sa kyamara ta USB a lissafi, Abu Safiyya, don ta tebur ba ta zuwa da ita, kuma ba ganin jikoki sai da ita. Amma kafin kowa ya kwance ko noti ɗaya, ka kwashe tarihin zuri'ar nan a filashi biyu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurin wani ɗan uwa. Hard disk (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) da ya kai waɗannan shekaru yana iya tsayawa kowace rana. Tsohuwar kuma a bar musu ita a gefe ba kebul, su ci gaba da buga wasiƙun masallaci a kai in sun so.