Sauya bawul ɗin zuciya ta jijiyar cinya: me ake samu ga tsofaffi masu rauni?

Ma'aikaciyar_Jinya:
Assalamu alaikum likitoci. Dattijo mai shekara 82, bawul ɗin aorta (ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiyar jiki) ya tsuke ƙwarai, ƙodarsa ba ƙarfi, likitocin tiyata sun ce ba zai jure buɗe ƙirji ba. An ambaci TAVI, wato shigar da sabon bawul cikin tsohon ta jijiyar cinya ba tare da buɗe ƙirji ba. Yana ƙara kwana kuwa, ko wahala ce kawai?

Dakta Sani:
Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Da izinin Allah yana ƙarawa. Alain Cribier ne ya fara yin sa a birnin Rouen na Faransa a 2002. A binciken PARTNER na 2010, cikin marasa lafiya 358 da aka ƙi yi wa tiyata, kashi 30.7 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa TAVI sun rasu a shekarar farko, a ɓangaren magani kaɗai kuwa kashi 50.7. Amma bayan shekara biyar sama da kashi 70 na masu TAVI ma sun rasu, wasunsu saboda sauran cututtukan da suke ɗauke da su. Shi ya sa idan huhu ya lalace ko mantuwa ta yi nisa, amfanin yakan ragu sosai.

Dakta Hauwa:
Komai ya rataya ne a hoton CT, wato hoton cikin jiki dalla-dalla. Da shi ake auna zoben bawul, faɗin jijiyar cinya, wadda ake so ta kai kusan milimita 5.5, da tazarar bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. In bakin ya yi ƙasa, tsohon bawul da aka danne zai iya toshe shi nan take. In sabon bawul ya yi ƙanƙanta, jini ya riƙa yoyo ta gefe, kuma yoyo mai yawa yana rage kwana.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne matsalar bugun zuciya, domin wayar lantarkinta tana ƙasan bawul ɗin kaɗan. In an sa shi da zurfi sai ya danne ta, a ƙare da dasa na'urar daidaita bugu. Akwai kuma shanyewar ɓarin jiki idan ɓarɓashin kalsiyam ya haura ƙwaƙwalwa. Shi wannan dattijo, ƙoda ce abin lura: a ba shi ruwa kafin aiki, a rage rinin da ake zubawa a jijiya don ɗaukar hoto iya yiwuwa.

Malam Likita:
A tabbatar da musabbabin tsukewar. A arewacin Najeriya ciwon bawul na zazzaɓin rumatik ya yi yawa, kuma a irin wannan ciwo kalsiyam ba ya taruwa sosai, alhali shi ne ke riƙe sabon bawul a mazauninsa. A shekara 82 dai tsufa ne ya fi yiwuwa. Bayan aiki asfirin kaɗai ya wadatar ga mafi yawa, kuma a gyara haƙora tun kafin a shiga.